A daina zagin 'yan Koriya kan kifin nan mai yauƙi

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari. Dan Allah a ba ni ɗan fili, akwai wani bidiyo da ke ta yawo a wayoyin mutane nan Gombe, an ɗora wani abu dogo kamar maciji kan wuta yana ta mutsu-mutsu, jama'a sai tofar da yawu suke suna cewa wai 'yan Koriya ba abin da ba sa ci. Abin bai min daɗi ba gaskiya.

Kifi ne na ƙasan teku, Turawa na ce masa hagfish, su kuma can suna kiransa kkomjangeo. Ba shi da muƙamuƙi, ba shi da ɓawo, idonsa ma da ƙyar yake bambance haske da duhu, kuma da an taɓa shi sai ya saki wani irin yauƙi da ya fi na kuɓewa, nan take ruwan bokiti ya kame. Da shi yake toshe wa manyan kifaye numfashi in sun kawo masa cafka. A 2017 wata mota ɗauke da shi ta kife a jihar Oregon ta Amurka, kayan da za a kai Koriya ne, yauƙin ya lulluɓe titi da motocin mutane har sai da aka kawo katafila.

To amma me ya sa suka fara cinsa? Wahala ce. Zamanin da Japan ke mulkin mallaka a Koriya fatarsa ake so, a jeme a yi kaya da ita, naman kuma a watsar, talakawa su kwasa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 mutane suka yi ta kwarara birnin Busan gudun hijira ba ci ba sha, sai mata suka riƙa gasa shi a bakin kasuwar kifi ta Jagalchi suna sayarwa da araha. Yau shi ne abin alfaharin garin, a feɗe shi a yayyanka a cuɗa da jan yajinsu gochujang da albasa da tafarnuwa a gasa, wasu gishiri kawai suke barbaɗawa, in an cinye a soya shinkafa a sauran romon. A yankin Gijang na Busan kuwa cikin wutar karan shinkafa ake jefa shi da fatarsa, ta ƙone ƙurmus a saɓule a ci na ciki. Fatar kuma har yanzu walat da bel ake yi da ita ana fitarwa waje.

Mu da muke soya fara da yaji muna santi, wa za mu yi wa dariya? Su sun ci nama sun sayar da fata, mu kuwa fatar shanun ma a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda, majema na kukan rashin kaya.

Maganar halacci kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, sai dai in ran mutum bai so ba, wannan daban. Abin da ni ma ba na goyon baya shi ne feɗe shi da ransa da wasu masu gidajen abinci ke yi don nuna wa kwastoma sabo ne, wannan azabtarwa ce, addininmu ya ce a kyautata ko wajen yanka. In za a yi suka a tsaya nan.

Ina roƙon jaridarku ta buɗe shafi kan abincin wasu al'ummu da tarihinsa, ku fara da masuntanmu na Dadin Kowa ma, a ji me suke yi da kifin da kasuwa ba ta so.

Naku mai karatu,
daga Jekadafari, Gombe