Wasiƙa daga Nagoya, Japan: ƙunshin kyauta da ƙyalle

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya ɗinkin Sallah? Na san keke bai huta ba. Ga bayanin ƙunshin Japanawa da kika tambaya, don guntayen atamfar da ke taruwa ƙarƙashin teburinki su sami aiki.

Sunansa furoshiki, ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, ba igiya ba salatif. Asalin sunan shimfiɗar wanka ne, don a zamanin da, da shi mutane ke ƙunshe tufafinsu a gidan wanka. Leda ta so ta kashe shi, sai a 2006 ministar muhallin Japan ta lokacin, Yuriko Koike, ta sake tallata shi, tun Yulin 2020 kuma kantuna ke cajin kuɗin leda.

Awo shi ne rabin aikin. Ki auna ƙyallen daga kusurwa zuwa kishiyarta, tsawon kayan ya zama kashi ɗaya cikin uku na wannan. Mai santimita 50 a kowane gefe ya ishi kwalin turare ko sabulu. Mai 70, wanda aka fi amfani da shi, kusurwa zuwa kusurwa ya kusa mita ɗaya, zai ɗauki kwalin da bai wuce santimita 33 ba. Mai 90 na manyan kaya ne, yadi ɗaya na atamfa zai fitar da shi. In ƙyalle ya yi ƙanƙanta ƙulli ba zai kama ba, in ya yi yawa ƙunshin ya yi laɓo-laɓo. Kalmasar baki ki yi ta siririya, mai kauri tana kumbura ƙulli. Sabuwar atamfa a wanke ta tukuna, sitacin ya fita, a kuma ga ko tana zuba. Shadda ban ba ki shawara ba, ga tauri ga santsi.

Na kwali: shimfiɗa ƙyallen, fuskarsa na kallon ƙasa, kusurwa ɗaya na kallonki. Kwali a tsakiya. Ɗauko kusurwar wajenki ki rufe shi, ki cusa ragowar ƙarƙashi, sannan ta can ta hau kai. Kafin ki ɗago na dama da hagu, ki tsuke su da yatsu daidai gefen kwalin, in ba haka ba iska za ta zauna ciki, gefen ya yi kumburi.

Ƙullin ne inda kowa ke faɗuwa. Dama kan hagu, sannan hagu kan dama. In ya yi daidai, kunnuwan biyu za su kwanta a gicciye, nauyi kuma ƙara ɗaure shi yake yi. In kika maimaita hannu ɗaya sau biyu, kunnuwan za su miƙe tsaye, ya riƙa zamewa, Japanawa kuma ɗaurin kayan mamaci suke ɗaukarsa, ba a kai wa mutum kyauta da shi. Kwancewa ba sai da haƙori ba: ja kunne ɗaya baya har ya miƙe, ki zare ƙullin.

Kwalba biyu, ta zuma ko ta man shanu: kwantar da su bisa layin kusurwa, gindi na kallon gindi, tazarar dunƙulen hannu a tsakani. Naɗe kamar tabarma, tayar da su, ƙulla a sama. Ba tazara, ba za su tashi ba.

A al'adarsu mai kyauta ne ke kwance ƙunshin gaban mai gida, ya miƙa kayan, ya ninke ƙyallensa ya koma da shi. A wurinmu wannan rowa za a kira shi, gara ki bar wa amarya, mai 90 ɗin ɗankwali ne.

Ki gaida Baba da yara. Ki turo hoton ƙullin farko in duba kunnuwan.

Ƙanwarki