Satifiket ɗin da ba ya bin mai shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a nan Ingila, shekarata huɗu kenan, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya kan kwasa-kwasan da ake mana a wurin aiki.

Duk wanda ya shigo aikin nan ya san Care Certificate, wato satifiket ɗin horon farko da ake yi wa sabon mai aikin kula da mutane. An ɓullo da shi ne a 2015, bayan abin kunyar da ya faru a asibitin Stafford inda aka wulaƙanta marasa lafiya, sai gwamnati ta sa wata 'yar jarida mai suna Camilla Cavendish ta duba yadda ake horar da mataimakan nas da masu kula da mutane, ta ba da rahotonta a 2013. Da sharuɗɗa 15 aka fara shi, ana so sabon ma'aikaci ya gama cikin sati 12. Niyya mai kyau ce wallahi. To amma manajan wurin aikinka ne ke sa hannu ya ce ka iya, ba wata hukumar jarrabawa daga waje da ta tantance, shi ya sa in ka canja wurin aiki sabon manaja na iya kallon takardar ya ce sai ka sake. Ni sau biyu na yi shi, na biyun kuwa a waya na yi cikin dare bayan na tashi aiki, bidiyo ne kawai kana dannawa yana wucewa, tambayar da ka faɗi ka sake zaɓa har ka dace, ko kwabo ba a biya ni na awannin ba.

Ina tambaya, ta bidiyo ake koyon ɗaga dattijo mai kilo 90 daga gado da na'urar ɗagawa ba tare da ka ji masa ciwo ko ka karya bayanka ba? Ko lallashin tsohuwa mai ciwon mantuwa da ta ƙi wanka don ta ɗauka kai baƙo ne? Ni dai wata abokiyar aiki da ta shekara ashirin a harkar ce ta koya min gane gyambon kwanciya tun fata na ja kafin ta fashe, kuma ita ɗin ba wanda ya taɓa neman shawararta wajen tsara kwas.

A 2024 an fito da sabon satifiket mataki na 2 wanda hukumar Ofqual mai kula da jarrabawa da satifiket a Ingila ke sa wa ido, wannan kam ci gaba ne don naka ne, duk inda ka je yana binka. Saura masu gidajen kula da tsofaffi su yarda su sa ma'aikata a ciki, kar su tsaya kan mai araha don kawai a samu takardar nuna wa masu duba-gari na CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da mutane, in sun zo.

Roƙona ga masu tsara kwasa-kwasan nan, su zauna da mu da muke canja wa mutane ƙunzugu da asuba kafin su rubuta komai, mai tantancewa ya zo ya tsaya ya ga hannunka a kan aiki, sannan lokacin karatun a lissafa shi cikin awannin aiki a biya. Don Allah ku gayyato masu tsara su cikin shirinku, ina da tambayoyin da zan aiko.

Taku,
Mai sauraronku daga Ingila