A Tambayi Albasa Kan Ruwan Kubanni da Galma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi magana kan ruwan Kubanni da Galma a nan Zariya, musamman da rani. Idan kogi ya janye, ruwan kwata da wanda aka ce an tace kafin a sako shi ba sa samun abin da zai tsarma su, kuma da shi masu lambu ke shayar da latas da alayyafon da ke zuwa kasuwar Sabon Gari.

Awon sinadarai abin da aka nema kaɗai yake nunawa. In an nemi ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam, su za a gani. Maganin feshi, sabulu da rini za su wuce salin alin, balle illar da suke yi in sun haɗu. Shi ya sa ake saka abu mai rai a ruwan a ga yadda zai ƙare.

Mafi araha shi ne gwajin albasa. A samo ƙanana masu girma ɗaya, waɗanda suka bushe sosai, don sabuwar cira ba ta saurin yin saiwa. A ɓare busasshen ɓawon, a kankare tsohuwar saiwa a hankali, kada a ji wa gindin ciwo. Ruwan da aka ɗebo a raba shi mataki biyar: zalla, sai kashi 50, 25, 12.5 da 6.25 cikin ɗari, ana cikawa da ruwa mai tsabta. Mataki na shida ruwa mai tsabta ne kawai, shi ne ma'auni. Kowane mataki albasa biyar aƙalla, kowace a bakin kwalbarta, gindinta na taɓa ruwa. A ajiye cikin duhu, ana sauya ruwan kullum. Bayan awa 72 zuwa 96 sai a auna saiwar da rula. Matakin da ya rage tsawonta zuwa rabin na ma'auni shi ne adadin da ake rubutawa, kuma gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon girman gubar. A duba kamanninta ma: lafiyayya fara ce miƙaƙƙiya, wadda ta sha guba kan lanƙwashe kamar ƙugiya ko ta yi ruwan ƙasa.

Akwai tarko a nan. Ruwan kwata na ɗauke da taki, don haka a mataki mai tsarmi saiwa na iya fin ta ma'auni tsawo, mai gaggawa ya ce ruwa lafiya lau. Dole a haɗa da dabba. Dafniya, wata 'yar halittar ruwa da babbarta ba ta fi ƙwayar dawa ba, ita aka saba amfani da ita: 'ya'yan da ba su kai awa 24 ba, guda 20 a kowane mataki, biyar-biyar a kofi huɗu, na awa 48. Wadda ba ta yi iyo ba cikin daƙiƙa 15 bayan an girgiza kofin, a ƙidaya ta cikin waɗanda suka sandare. In fiye da kashi 10 cikin ɗari na ma'auni suka sandare, gwajin ya rushe, sai a sake. Dafniya na son sanyin digiri 18 zuwa 22, kuma kowa ya san Zariya a Afrilu. In wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zafi ne zai kashe su, a ɗora wa ruwa laifi. Ragowar kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan da aka tace ma na kashe su, a auna shi tukuna.

Samfurin a sa shi cikin ƙanƙara tun daga bakin kogi, a fara aiki kafin awa 36. A ɗebo sama da inda kwata ke shiga da kuma ƙasa da wurin, in ba haka ba babu yadda za a gane mafarin. Kuma gwajin nan ba ya ganin ƙwayoyin taifod ko kwalara, wannan awo ne daban.

Roƙona ga hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli: a riƙa yin gwajin nan kowane wata daga Nuwamba zuwa Mayu, tare da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa don mai lambu ya san inda zai kafa injinsa.

Wassalam.

Mai karatunku,
Samaru, Zariya