Wasiƙa kan waƙoƙin Uwargida Maryamu na addu'ar dare

Kaduna, ƙarshen Janairu

Ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya madam da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai hunturu ya matsa mana, rabin 'yan kwaya muryarsu ta dushe. Duk suna gaishe ka, har yanzu in an zo wurin da bas ke shiga sai wani ya ce ina ma kana nan.

Wata bukata ce ta sa na rubuto, amma bari in fara ba ka labari. Tun farkon lokacin jiran zuwan Almasihu Fada ya sa muka fara addu'ar dare a coci, bayan rosari. Ba ta da tsawo: binciken zuciya, waƙa, zabura, ɗan karatu, sai waƙar tsoho Saminu ta Luka sura 2, albarka, a rufe da waƙar Uwargida Maryamu. Kafin dare ya yi nisa kowa ya kama hanyar gida, ka san halin gari. Mutane suna zuwa fiye da yadda na zata, har da masu dawowa daga kasuwa da kayansu a hannu. Ranar Lahadi da ake karanta Zabura 91 za ka ji cocin ya yi tsit.

Waƙar rufewar ce ta zame mana aiki. Kusan kowa a nan Salve Regina kaɗai ya sani, ita ake yi a jana'izar Fada, ita ake yi a ƙarshen rosari. Tsohon katikis ɗinmu ne ya tuna mana cewa waƙoƙin huɗu ne, kowacce da lokacinta. Alma Redemptoris Mater tana ɗauka daga Lahadin farko na jiran zuwan Almasihu har 2 ga Fabrairu, ranar miƙa Yesu a Haikali. Daga nan Ave Regina Caelorum ta karɓa, ta ratsa Azumi har Mako Mai Tsarki. Regina Caeli ta Ista ce zuwa Fentikos, sauran shekara kuma Salve. Na duba ƙa'idar littafin addu'o'in da aka sabunta a 1971, ta bar wa mutane zaɓi, sai a lokacin Ista ne ta ce lallai Regina Caeli. Wasu a kwaya suka ce to shi ke nan, tunda an yarda, a tsaya kan Salve a huta.

Ni ban goyi bayan haka ba, kuma na faɗa a fili. Yawancin tsofaffinmu ba sa duba kalanda. Suna gane an shiga Azumi in sun ga rigar Fada ta koma shunayya, to ina so kunnensu ma ya gaya musu haka nan. Matar da ta kwana arba'in tana jin waƙa mai sanyi, in daren Ista aka ɓarke da haleluya, ba sai wani ya yi mata bayanin tashin Almasihu ba. Waƙoƙin nan kuwa sun daɗe. Alma da Salve ana danganta su ga wani ɗan zuhudu, Hermann na Reichenau a ƙasar Jamus, gurgu tun yarinta, wanda ya rasu a 1054. In na tuna mutumin da da ƙyar yake motsi shi ake cewa ya roƙi Maryamu ta tallafi mutanen da ke faɗuwa suna ƙoƙarin tashi, sai Alma ta ƙara shiga raina.

Matsalar ita ce karin waƙa. Kowacce tana da kari biyu na Latin, mai sauƙi da na manyan bukukuwa. Na biyun ba namu ba ne tukuna, gaɓar kalma ɗaya tak sai a ja ta har numfashi ya ƙare. Mai sauƙin Salve kuwa ko yara sun iya, na rubuta notocin solfa d m s l s a allo suka ɗauka nan take. Alma ma mun samu ta zauna kafin Kirsimeti, ko da yake mazan suna jan ta kamar ba za a tashi ba.

Amma iyayenmu mata suka ce suna so su san abin da suke faɗa wa Uwarsu, kuma gaskiyarsu ne. Taron Vatican na biyu tun 1963 ya ba waƙar Giregori, wato tsohon karin Latin na coci, matsayi na farko, ya kuma ce a girmama kaɗe-kaɗen mutanen ƙasa. Sai muka gwada ɗora kalmomin Hausa a kan karin wata waƙar Turanci da kowa ya sani. Bai yi ba. Inda muryar Bahaushe ke sauka karin yana hawa, gaɓa mai tsawo ta faɗa kan gajeriyar nota, kalma ta karye biyu. Wata mama daga Zumuntar Mata ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji waƙa amma ba ta ji Hausa ba. Ita ce ta ce mu ajiye allo, a karanta mata kalmomin da ƙarfi. Aka karanta sau da yawa, tana rufe da ido tana buga tulu a hankali da tafin hannu, har karin ya fito daga yadda maganar kanta ke hawa da sauka. Ɗaya ta bayar, sauran suka amsa. Wannan hanyar na yarda da ita yanzu, a bar kalma ta ja kari.

Sai dai fa karin Zumunta da kansa yake kiran tafi da kacau-kacau, nan da nan ƙafa ta fara motsi. Ga Regina Caeli hakan daidai ne, gajeriya ce, haleluya huɗu, a yi murna son rai. Ga sauran ina so a yi ƙasa da murya, domin addu'ar mai shirin kwanciya ce. Samari suna so a kunna kibod, na roƙe su su haƙura. Daren da aka ɗauke wuta muka yi Alma da hasken waya, murya zalla, su da kansu suka ce ta fi.

Yanzu ga bukatata. Ranar 2 ga Fabrairu za mu sauya zuwa Ave Regina, kuma cikin huɗun ita ce wadda ba wanda ya iya a cocinmu. Na ji ta a intanet, amma masu rerawa suna cikin manyan majami'u masu amsa kuwwa, ba na iya tsinto notocin. Don Allah ka rera mini mai sauƙin a hankali, kai kaɗai, ka turo ta WhatsApp, ka haɗa da solfa a takarda. Layi takwas ne gajeru masu kusan tsawo ɗaya, don haka ina ganin ita za ta fi saurin karɓar Hausa, ba kamar Salve mai dogaye da gajerun jimloli ba. Ka kuma duba tsohon littafin waƙoƙin nan da ka tafi da shi, in akwai fassararta a ciki ka ɗauko mini hoto. Fada ya ce duk kalmomin da za mu rera sai ya gani tukuna, in da hali a bi waɗanda aka riga aka amince da su, shi ya sa ba na so mu ƙirƙiro namu in na magabata yana nan.

In ka turo kafin Asabar za mu samu gwaji ɗaya kafin ranar. Ka gaishe da madam da yara, ka kuma sa mu a addu'a.

Naka ɗan'uwa cikin Almasihu.