Randa Ba Ta Jiran Wutar Lantarki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan randa, tunda bazara ta kankama, wuta ba ta zama, ƙanƙara kuma ta yi tsada.

Sanyin ruwan randa ba siddabaru ba ne. Gasasshen yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan randar, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa ta fi aiki a Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe. Da damina sanyin kan ragu. Masu shafa mata fenti ko siminti don kwalliya kuwa, ƙofofin nan suke toshewa. Inuwa take so, da wurin da iska ke ratsawa, da jiƙaƙƙen yashi a gindinta.

Da wannan hikimar marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da gauta suka riƙa daɗewa ba su ruɓe ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai dai randa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Masu ajiye ta sadaka a ƙofar gida da masallatai su riƙa wanke ta, su rufe da faifai, su ware moɗar ɗiba dabam da kofin sha.

Naka,
Wani mai karatu daga Haɗeja