Zuwa Ga Babana, Kan Maganin Da Ka Ajiye

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan Tudun Wada kalau, sai hunturu da ya fara kankama.

Tun daren da ƙanwarka ta sauka a tashar Rigasa ban yi barcin kirki ba. Ta ce ka ajiye ƙwayar hawan jini tun bayan babbar sallah, wai tana kumbura maka ƙafa, wai kuma kai garau kake ji, jiƙo ma ya ishe ka. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Shekara 27 na yi ina ɗaura wa mutane abin awo a dantse, don haka ka saurare ni. Ka tuna tiyon da kake ba shukar mahaifinka ruwa da shi? Da ka danne bakinsa da yatsa sai ruwan ya yi tsiri da ƙarfi. Haka jijiyoyin jini suke, sai dai su yatsan a jikinsu yake, domin akwai tsoka a bangonsu. Ƙananan cikinsu su ne ke tsukewa su buɗe dare da rana ba da saninka ba. Ka ci tuwo, su buɗe wa hanji. Rana ta yi zafi, su buɗe wa fata. Sanyi irin na yanzu, su tsuke. Ko jirin da ke ɗibar mutum in ya miƙe zumbur, 'yan ma'aunai ne a jijiyar wuya ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, nan take a matse hanyoyin, jirin ya wuce. Ikon Allah ke nan.

To amma idan suka zauna a tsuke, ga ƙoda tana riƙe gishiri da ruwa, zuciya sai ta yi ta turi. Bangon ya yi kauri, ya taurare. Ba ciwo, ba zazzaɓi, har ranar da wata siririya a ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe. Awon jinin mai lafiya wajen 120 bisa 80 ne, daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Naka 160 bisa 100 aka auna, kuma kana ce mini garau?

Mahaifinka ma garau yake ce mini. Har yau in na rufe ido butar nan nake gani tana suɓucewa daga hannunsa da asuba. Shekara huɗu ina juya shi a shimfiɗa. 'Yan uwansa sun faɗi abin da suka faɗa, wai ga ma'aikaciyar jinya a gida. Allah shaida ne ban gaza ba: na roƙa, na yi fushi, na yi kuka, har a kunu na sha daka masa ƙwayar. Kai da ka goya shi zuwa mota a ranar, kai ne yau za ka bi sawunsa? Haba Babana! So kake matarka ta yi irin zaman da na yi, ga yara ko firamare ba su gama ba?

Ka yi haƙuri, tsoro ne ya sa na ɗaga murya. Kwana na Allah ne, amma shi ya ce a nemi magani.

Maganin nan naka, Amlodipine, aikinsa sassauta tsokar jijiyoyin, kuma an san yana kumbura idon sawu. Ka koma wa likita ya rage ko ya sauya maka wani, kada ka yanke da kanka. Ka gaya wa maman yara ta rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen maggi da yajin tsire duk suna cikin lissafi.

Na ba ƙaninka abin awona da ƙullin daddawa ya kawo maka. Duk Juma'a ka auna, ka turo mini hoton lambar ta WhatsApp, ba da baki ba.

Allah ya yi maka albarka. Ka shafa mini kan yaran.

Mahaifiyarka.