Sanarwa ga masu karɓar kemo (maganin ciwon daji) da masu jinya

Salam ƴan uwa. Don Allah duk mai jinyar ciwon daji ya nemi tamomita, wato abin auna zafin jiki, ya ajiye kusa da gado. Kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗaura kemo fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, garkuwar jiki ta yi rauni, to in zafin jiki ya kai digiri 38 (38°C) kar a ce bari a sha farasitamol a kwanta sai da safe, a wuce asibiti ko tsakar dare ne. Yayata da yamma ta fara rawar sanyi, kafin dare an ba ta gado wallahi.

Masu zuwa dubiya kuma, in kana mura yi haƙuri ka bugo waya kawai.